Laƙabi da Saniyar Ware a Labaran da Ake Karantar da Yara: Nazari Bisa Ma'aunin Suratul Hujurati, da Misali daga Ƙasar Yauri

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda labaran Hausa da ake karantar da yaran ƙananan makarantun sakandare suke fito da yaron da aka raina, ko aka laƙaba wa suna, ko aka mayar da shi saniyar ware. An auna labaran da hukuncin aya ta 11 ta Suratul Hujurati da hadisan da suka fayyace ta, an kuma ɗauki ƙasar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, a matsayin fagen gwaji, saboda yawan al'ummomi da harsunan da ke haɗuwa a aji ɗaya a can. Nazarin ya gano cewa labaran suna share wa yaron hawaye ta hanyar sauya shi kansa, alhali nassi yana neman sauyin ne daga mai izgili da kuma wanda ya tsaya kallo.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zuwa sha huɗu, wanda ya baro firamaren ƙauyensu ya shiga ajin farko na sakandare, yakan gane gaskiyar wannan magana tun makon farko. A lokacin ne 'yan ajinsu suke duban tsayinsa da launin fatarsa da karin harshensa da tsufan rigarsa, su zaɓar masa sunan da zai bi shi har ya gama makaranta, wani lokaci ma har ya yi furfura. A wannan shekarun kuma ake fara miƙa masa littattafan adabi a darasin Hausa. Saboda haka tambayar da ta dace masu nazarin tarbiyyar Musulunci su yi ita ce: mene ne waɗannan labarai suke gaya wa yaron da ake yi wa dariya, kuma mene ne suke gaya wa masu dariyar?

Maƙalar ta taƙaita ga tatsuniyar 'yar bora da littattafai uku da suka daɗe a azuzuwan Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, da kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Darajar waɗannan ayyuka a adabin Hausa ba abin jayayya ba ce. Abin da ake dubawa shi ne fuska ɗaya tak daga cikin fuskokinsu.

2.0 Ƙasar Yauri da Nauyin Suna

Ba kowace ƙasa ce ta ɗanɗani nauyin laƙabi kamar Yauri ba. A labarin Bayajida da ake koya wa yara tun firamare, Yauri tana cikin jerin ƙasashen da ake kira Banza Bakwai, tare da Kabi da Zamfara da Nupe da Gwari da Yarabawa da Kwararrafa. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ji wannan suna a tafiyarsa ta shekarun 1850, ya kuma rubuta shi. Ke nan yaron Yelwa ko Wara yana haddace kalmar "banza" a kan ƙasar kakanninsa domin ya ci jarrabawa. Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin manyan masana tarihin Hausawa, Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski ne, kuma bincikensa na farko a kan daular Yauri ta ƙarni na 19 ya yi shi, kafin littafinsa na 1978 kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma.

A cikin masarautar kanta akwai Yaurawa da Gungawa da Kambari da Dukkawa da Shangawa da Lopawa da Sarkawa da Fulani da Nufawa. Sunan Gungawa ma laƙabi ne da Hausa ta ba su daga kalmar gungu, wato tsibiri, domin harshensu Reshe ake kiransa. Da aka gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, tafkin ya cinye gungaye da garuruwa da yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Waɗanda da ruwa ya raba su da maƙwabta sai ga su a tudu, kasuwa ɗaya, makaranta ɗaya. Masanin al'adu Ba'amurke Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya bayyana yadda Gungawa da yawa suke barin sunan asalinsu su koma Yaurawa, wato Hausawa, musamman idan sun musulunta.

Wannan tarihi ne yake zaune a kan bencin aji. Yaron da ya tashi da Reshe ko Kambarci a gida, idan ya buɗe baki ya karya Hausa, kalmar da ke jiransa ita ce gwaranci, wadda ita kanta an gina ta ne a kan sunan wata al'umma. Ɗan masunta yana da nasa gorin, ɗan Fulanin ruga yana da nasa, wanda ya biyo ta makarantar allo kuwa kalmar almajiri, mai asali daga hijirar neman ilimi, ita ake juyawa ta zama zagi a kansa. Ga kuma sabon nauyi da rashin tsaro ya kawo. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu daga cikin 'yan matan ba su kuɓuta ba sai a 2023. Duk yaron da ya dawo daga irin wannan jarrabawa, ko ya zo gari gudun hijira, shi ne mafi buƙatar a tsare masa mutunci daga harsunan tsaransa.

3.0 Ma'aunin Shari'a

Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana abubuwa uku a jere: izgili, da aibanta juna, da kiran juna da laƙabin da ake ƙi. Ta ambaci maza daban, ta ambaci mata daban, ta kuma rufe da siffanta wanda bai tuba daga wannan ba da zalunci. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Jabira ɗan Dahhaku cewa sashen laƙabi ya sauka ne a kan Banu Salima, inda mutum yakan kasance da suna biyu ko uku, a kira shi da ɗaya alhali yana ƙin sa.

Malamai ba su ɗauki kowane laƙabi haram ba. Malaman hadisi suna cewa A'amash da A'araj don a gane wanda ake nufi, Imam Nawawi ya lissafa wannan a cikin wuraren da aka yi rangwame, Ibnu Hajar kuma ya wallafa littafi sukutum a kan laƙubban maruwaita. Haka al'adar Bahaushe take cike da Dogo da Tanko da Cindo da Ɗanjuma, da sunayen alkunya da uwa take kiran ɗan fari da su. Akwai kuma barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, inda kowa yake jifa ana jifansa, a tashi ana dariya. Iyakar da ta raba halal da haram a nan ita ce niyyar mai kira da kuma ƙin wanda ake kira. Idan jifan ya zama daga ɓangare ɗaya, mutum ashirin a kan mutum ɗaya, kuma wanda ake jifa ba shi da bakin ramawa, to sunan wasa ya faɗi, cin zali ya tabbata.

Abin da ya fi shafar wannan nazari shi ne dalilin da ayar ta bayar: mai yiwuwa wanda ake yi wa izgili ya fi mai izgilin alheri. Ba a ce zai fi shi nan gaba idan ya yi arziki ko ya warke ba. A halin da yake ciki, da rigar da ke jikinsa, mai yiwuwa ya riga ya fi. Sunna ta fassara wannan a aikace. Imam Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A) ya hau itace zai yanko asuwaki, mutane suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa, sai Manzon Allah (S.A.W) ya sanar da su cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Tirmizi ya kawo cewa an goranta wa Uwar Muminai Safiyya (R.A) asalinta na Yahudawa har ta yi kuka, sai Annabi (S.A.W) ya tuna mata cewa wannan asali shi ne ya haɗa ta da annabawa, ya kuma ja kunnen wadda ta yi gorin. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Zarri (R.A) ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, sai aka gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. A duk wuraren nan uku, ƙwaurin Ibnu Mas'ud bai yi kauri ba, nasabar Safiyya ba ta sauya ba, mahaifiyar mutumin nan tana nan yadda take. Wanda aka nemi ya gyara shi ne mai harshen.

4.0 Yaron da Aka Raina a Labaran Hausa

4.1 Tatsuniyar 'yar bora

Tatsuniya ita ce adabin farko da yaro yake sha, kuma tun da Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi cikin littattafan makaranta a farkon shekarun 1970, ta samu gurbi a aji. Mafi shahara a kan wannan jigo ita ce ta 'yar bora da 'yar mowa. Ana ɗora wa 'yar bora laifi, a kore ta zuwa wanki a ruwa mai nisa, ta yi ladabi ga duk abin al'ajabin da ta tarar a hanya, ta dawo gida da dukiya da dawaki. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta dawo da wulaƙanci.

Darasin ladabi da haƙuri da ke ciki mai kyau ne, ya kuma dace da tarbiyyar addini. Amma akwai abubuwa biyu da mai nazari ba zai tsallake ba. Na farko, gidan da ya wulaƙanta yarinyar bai gane kurensa ba sai da ya ga dukiya. Da ta dawo hannu rabbana, da tana nan a matsayinta na bora. Na biyu ya fi nauyi: a ruwayoyin da suka fi yaɗuwa, sakamakon 'yar mowa shi ne ta dawo da rakiyar kutare da makafi da guragu a kan jakuna. Wato tatsuniyar ta share hawayen wadda aka raina guda ɗaya, ta hanyar mayar da wasu da ake rainawa alamar azaba. Makahon yaro ko gurgu da ke zaune a ajin yana jin kansa a jerin abin da ake tsorata mutane da shi, alhali farkon Suratu Abasa ya sauka ne don girmama makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A).

4.2 Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi

Ruwan Bagaja gaba ɗayansa wulaƙanci ne ya haife shi. Limamin da ya reni Alhaji Imam ya ambaci ruwan bagaja a fada a matsayin maganin ciwon ɗan sarki, aka muzanta shi a bainar jama'a, sai yaron ya ɗauki alkawarin ba zai zauna ba sai ya samo ruwan. Kishin mutuncin mahaifi abin yabo ne, kuma Abubakar Imam ya nuna cewa wanda aka yi wa dariya shi ne mai gaskiya. Sai dai mutuncin Liman ya zauna a rataye shekara da shekaru yana jiran hujja ta zo a cikin gora. A tsakiyar littafin kuma, abin da ya fi ba yara dariya shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, inda kowa yake ƙulla wa ɗan'uwansa abin da zai kunyata shi a gaban mutane. Tsakanin su biyun ƙarfi ya zo ɗaya, shi ya sa abin ya yi kama da barkwanci. Yaron da ke karatu kuwa ba kullum yake lura da wannan sharaɗi ba. Abin da yakan ɗauka shi ne cewa gwaninta ita ce iya kunyata wani har jama'a su yi dariya.

A Iliya Ɗan Maiƙarfi, jarumin ya fara rayuwa ba ya iya tashi, sai wasu baƙi suka zo ya samu lafiya da ƙarfin da ya wuce na kowa. Daga nan ne labarin ya miƙe. Zaman da ya yi a naƙasa shimfiɗa ce kawai, wadda amfaninta shi ne ta ƙara wa ƙarfin da ya biyo baya armashi. Yaron da shan inna ta taɓa wa ƙafa, wanda ya san cewa babu baƙon da zai zo ya tashe shi, yana rufe littafin ne da fahimtar cewa labarin mutum yana farawa ranar da ya daina zama irinsa.

4.3 Shaihu Umar

Wannan littafi ya fi sauran kusa da ma'aunin da aka shimfiɗa. Umar maraya ne daga Kagara, mijin mahaifiyarsa Makau ya faɗa sharrin mahassada a fada, shi kuma aka sace shi, ya shiga hannun masu cinikin bayi a Kano, ya ƙare a hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya tafi da shi ƙasarsu. Babu baren da ya kai wannan: baƙon harshe, baƙon launi, ba uwa ba uba. Abin da ya tsirar da shi, bayan kiyayewar Allah, shi ne babban mutum da ya tsaya masa, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu. Ɗaukakar da ya samu ta ilimi da tsoron Allah ce, wadda ita ce aya ta 13 ta surar ta sanya a matsayin ma'aunin fifiko. Duk da haka, Abdulkarim ɗin nan bai bar fataucin bayi ba. Rahamarsa ta sauka a kan yaro ɗaya da ya kwanta masa a rai, sauran da ke cikin ayari ba su da suna a labarin. Ɗalibi mai lura zai iya tambaya ko mutunci haƙƙin kowane ɗan Adam ne, ko kuwa rabon wanda ya yi sa'ar shiga ran wani.

5.0 Gurbin Ɗan Kallo

Idan aka haɗa labaran nan, sai a ga tsari ɗaya: a raina yaro, ya tafi, ya dawo ya zama wani, masu raini su ji kunya. Ga yaron Kano ko Katsina da ake yi wa gorin talauci, wannan tsari yana iya zama ƙarfafa guiwa. Ga ɗan Gungawa ko Kambari ko Shangawa da ake yi wa gorin harshe da asali, saƙon yana da haɗari, domin hanyar "zama wani" a gare shi ita ce ya ɓoye harshen mahaifiyarsa, ya ji kunyar kakarsa idan ta zo ziyara makaranta. Musulunci ya nemi mutum ya bar shirka da saɓo. Bai nemi kowa ya bar ƙabilarsa ba, ya ma bayyana cewa an yi mutane dangogi da ƙabilu ne don su san juna. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Bayanu Wujubil Hijra, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata a cikin abubuwan da ke saurin rushe mulki. Abin da ke rushe daula ba zai bar aji lafiya ba.

Wanda babu shi a labaran nan shi ne mutum na uku, wato wanda ya gani, bai yi dariya ba, bai kuma hana ba. A kowane aji masu cin zali ba su wuce 'yan kaɗan, wanda ake ci wa zali ɗaya ne ko biyu, sauran duka 'yan kallo ne. Su ne mafi yawan masu karatu, amma adabin bai ba su madubin da za su ga kansu ba. Shari'a kuwa ta yi magana da su kai tsaye. Buhari ya ruwaito umarnin taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, aka fassara taimakonsa da hana shi zaluncin. Tirmizi ya ruwaito daga Abud Darda'i (R.A) alkawarin tsari daga wuta ga wanda ya kare mutuncin ɗan'uwansa.

A adabin yara na Amurka akwai misalin yadda ake cike wannan gurbi. A 1944 Eleanor Estes ta wallafa The Hundred Dresses, wato riguna ɗari, labarin wata yarinya 'yar asalin Poland da 'yan ajinsu suka addaba saboda baƙon sunanta da rigarta ɗaya da ta koɗe, har iyayenta suka bar garin. An ba da labarin ne ta idon wata 'yar ajin da ba ta son abin da ake yi amma ta yi shiru, kuma ba ta sami damar neman gafara ido da ido ba. Nadamarta ita ce darasin. Marubucin Hausa ba ya buƙatar aron wannan labari, domin yana da abin da ya fi shi a sira. Ga Julaibib (R.A), talaka wanda ba a damu da shi ba, wanda Muslim ya ruwaito cewa bayan wani yaƙi babu wanda ya lura da rashinsa sai Annabi (S.A.W), ya neme shi cikin waɗanda suka yi shahada, ya ɗauke shi a hannuwansa, ya danganta shi da kansa.

6.0 Kammalawa

Littattafan da aka duba za su ci gaba da zama a aji, kuma sun cancanci haka. Abin da ya rage ga malamin Hausa da malamin addini shi ne su karantar da su tare da tambayoyin da labaran ba su yi ba. Da 'yar bora ta dawo ba dukiya, shin ta cancanci wulaƙancin? Wane ne a fada ya kamata ya tsaya wa Liman ranar da aka muzanta shi? Mene ne laifin kutaren da aka sa a ƙarshen tatsuniya? Yaran aji biyu suna iya amsa waɗannan, idan an ba su dama.

Ga marubuta kuma, musamman 'ya'yan yankin da suka san bakin ruwan Yelwa da kasuwar Wara da ƙauyukan Shanga, akwai fili a buɗe. Ana buƙatar labarin yaron da ya shigo aji da karin harshen gungu, ya fita da shi bai sauya ba, amma ɗan bencinsu ya koyi kiransa da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Irin wannan labari shi ne zai kasance tafsirin ayar a harshen da yara suke ji. Allah shi ne mafi sani.